Fetur, gas, ruwa-biyu ko lantarki: wace mota mai haya zai saya a Katsina?

Ƙanena ya shekara huɗu yana jan motar wani a Abuja, yana ɗaukar fasinja ta manhajar waya. Bayan ƙaramar sallah ya tattaro ya dawo gida da ɗan abin da ya tara, ga kuma rabonsa na wata gona da muka sayar. Ranar da ya zo gaishe ni, ko ruwan da aka kawo masa bai gama sha ba ya ce, "Yaya, so nake in sayi mota tawa ta kaina, amma kaina ya kulle. Wasu na cewa kwanan fetur ya ƙare, in sayi ta lantarki. Wasu na cewa in na kawo ta Katsina sai dai in ɗaure ta ƙofar gida kamar ragon layya."

Na ce ya ba ni mako guda. Abin da ke biye shi ne lissafin da muka yi a bayan tsohuwar kalanda, na gyara shi don wanda ke tsaye inda yake tsaye.

Dalilin da ya sa ake wannan tambaya a yau kowa ya san shi. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, zuwa Oktoba 2024 ta tsallake 1,000 a Abuja. Mu kuwa da sai tanka ta keto ƙasar tun daga kudu kafin ta iso mu, kullum da ɗan ƙari a kan namu. Kuɗin da fasinja ke biya bai ninka sau biyar ba, shi ya sa tun a Yuni 2023 direbobin manhaja suka shiga yajin aiki a manyan birane.

Sai dai Katsina ba Abuja ba ce. Uber ta shigo Legas a 2014, Bolt ta biyo a 2016 tana amsa sunan Taxify, daga baya inDrive ta zo da tsarin da fasinja ke yin tayi direba ya sallama ko ya ce albarka. Biyun farko na cire kamashon da ke kaiwa kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na kuɗin tafiya, ta ukun na cire ƙasa da haka. A can, waya ba ta minti goma ba ta yi ƙara ba. A nan cikin gari na Keke Napep ne da 'yan kabu-kabu. Wanda zai tashi daga Ƙofar Ƙaura zuwa Babbar Kasuwa ba zai kira mota ba. Mai kiran mota shi ne wanda ya sauka a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko mai kai mara lafiya Asibitin Koyarwa, ko Hajiyar da ba ta yarda da kowane direba ba, ko masu ɗaukar amarya. Mafi yawansu kuma lambarka suke riƙewa su kira ka, ko su turo saƙo ta WhatsApp. Kuɗi mai kauri kuwa a shata yake: Daura, Dutsin-Ma, Funtua, Kano.

Ka riƙe wannan da kyau, domin a kansa komai ya rataya. Motar lantarki daga yawan zirga-zirgar cikin gari take fitar da kuɗinta, a doguwar tafiya kuma rauninta yake. Aikin Katsina ya karkata ne zuwa inda take da rauni.

Ma'aunan da muka ɗora kowace mota a kai

Na farko kuɗin saye, da kuma aljihun da za su fito. Na biyu abin da kowace kilomita ke ci. Na uku, wanda na fi ba nauyi, ina motar za ta sha, kuma kana da tabbacin samu ranar da kake bukata? Na huɗu juriya: zafin Afrilu da Mayu da ke taɓa digiri 40, ƙurar hunturu, ruwan da ke kwanciya a lunguna da damina, da wanda zai gyara in ta tsaya. Na biyar haɗari, har da haɗarin rasa mai saye ranar da ka matsu.

Don lissafi ya tafi daidai mun ɗauka direba na cin kilomita 150 a rana, kwana 26 a wata. Mun sa fetur a naira 1,000 lita, gas ɗin mota a 400 kowane ma'auni, wuta a 210 kowane yunit. Waɗannan lambobin aiki ne, farashi na motsi. Ka goge su ka sa na ranar da kake karantawa, tsarin lissafin ba zai canza ba.

Mai fetur

Ba sai na daɗe a nan ba. Tsohuwar Corolla mai injin 1.8, 'yar Kwatano ko wadda aka ɗan mora a gida, ita ce mafi sauƙin kuɗi cikin huɗun. Da esi a kunne a cikin gari tana shan kusan lita 10 a kilomita 100. Kilomita ɗaya naira 100 ke nan, yini 15,000, wata 390,000. Ka ƙara juye duk bayan 'yan makonni, da filogi, da birki.

Wajen sha ba ta da matsala. Daga Katsina zuwa Kongolam babu inda za ka rasa gidan mai, in ma an rufe ga 'yan bumburutu da galan a bakin titi, sai dai ka yi addu'a kada a haɗa ka da gauraye. Ko yaron bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ba sai an aika Kano ba. Ranar da ka ce za ka sayar, kafin la'asar dillalai sun cika ƙofar gidanka. A kan irinta aka ce sayen nagari mai da kuɗi gida.

Haɗarinta ɗaya ne, amma babba: ribarka na hannun farashin da ba kai ke yanka shi ba. In lita ta ƙaru da naira 100, watanka ya ragu da 39,000, kuma ba ka isa ka ɗora wa Hajiya wannan ƙarin gobe da safe ba.

Mai gas ɗin CNG

Wannan ba sabuwar mota ba ce, Corollar nan ce dai ake ɗora wa tukunya a but da wasu na'urori a inji, ta koma tana shan matsattsen gas da ake kira CNG, wanda ba na girki ba ne, fetur kuma na nan a matsayin madogara. Gwamnatin tarayya ta kafa shiri na musamman a kansa a 2023, aka fara sayar wa ƙananan motoci a naira 230 kowane SCM, wato ma'aunin da ake sayar da shi, daga baya ya tashi. SCM ɗaya na kai mota kusan inda lita ɗaya za ta kai ta. A lissafinmu kilomita ta koma naira 40, wata kuma 156,000. Ragin ya haura 230,000 a wata, don haka ko kuɗin juyawar ya kai miliyan ɗaya, ba a shekara ba a mayar da su ba.

A takarda babu wadda ta kai ta. Matsalar na ma'auni na uku. Bututun gas na AKK da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 daga Ajakuta ya taso, ya bi Kaduna, a Kano zai tsaya. Duk gas ɗin da za a sha a Katsina a bayan babbar mota zai zo, ranar da motar ta makara kuwa layi ne ko komawa fetur. Tukunyar da aka fi sakawa ba ta wuce ta kai ka kilomita 130 zuwa 150 ba, kusan kullum ke nan sai ka je shan gas. Na ce wa ƙanena kafin ya kashe ko kwabo, ya je da ƙafarsa wurin da zai dogara da shi sau uku cikin mako, a lokuta daban-daban, ya ga ko akwai gas, ya kuma ƙirga motocin da ke layi. Awa biyu a layi fasinja biyu ne suka tafi.

Tukunyar na cinye rabin but. Ga mai aikin filin jirgi da 'yan biki masu akwatuna, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Nauyinta na danne bayan mota, ƙarfin jan motar ma na ɗan raguwa.

Sai batun rai. Matsin da ke cikin tukunyar CNG ya ninka na tukunyar girki kusan sau ashirin. A Oktoba 2024 wata mota ta tarwatse a wurin shan gas a birnin Benin na jihar Edo saboda an ɗora mata tukunyar da aka ƙera a gefen titi. Duk wanda ya ce zai haɗa maka da araha a bayan gareji, ka yi masa sallama.

Ruwa-biyu

Haka nake kiran haibirid, mai injin fetur da ɗan batir da ke taimaka masa. Ba a sa ta a caji, da kanta take cika batirinta in ana tafiya ko an taka birki. Ba sabon abu ba ne, tun 1997 Toyota ta fitar da Prius, akwai kuma Camry da Corolla masu irin wannan tsari. A cunkoso ko in ka tsaya jiran fasinja injin na mutuwa da kansa, esi kuma na ci gaba da aiki. Mun sa mata lita 6 a kilomita 100: naira 60 kilomita, 234,000 a wata. A babban titi ragin ba ya kai na cikin gari, amma duk da haka tana gaban 'yar'uwarta.

Ta fi mai fetur zalla tsada wajen saye, amma tazarar ba mai karya mutum ba ce. Wajen sha kuwa duk inda Corolla ta sha, nan za ta sha. Abin da ya fi jan hankalina ke nan: ta rage kusan kashi 40 na kuɗin mai ba tare da ta ɗaure ka a wani layi ko wata waya ba.

Inda ake kuka da ita wajen batir ne. Mafi yawan waɗanda ke shigowa sun haura shekara goma, batirin ya sha jiki. Kada ka biya sai an jona mata kwamfuta an ga lafiyar kowane ɓangare na batirin, ka kuma ware kuɗin canji a gefe tun ranar saye. Akwai 'yar fanka kusa da kujerar baya da ke hura wa batirin iska. Ƙurar hunturu na toshe ta, fasinja ma kan jingina jaka a bakin ramin, batir ya yi ta dahuwa ba ka sani ba. A share ta duk bayan 'yan watanni. Esinta ma man kwamfaresa na daban take so, in mai ɗura gas ya zuba na gama-gari zai jawo maka asara. Sannan ka sa ido a kan abin nan na salansa da bakanikai ke kira indomi, na irin waɗannan motoci ya fi daraja wurin ɓarayi.

Ta lantarki zalla

A nan muka fi daɗewa, har aka kira magariba ba mu gama ba.

Ba tatsuniya ba ce a ƙasar nan. A 2020 aka nuna Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas. A 2021 hukumar ƙera motoci ta ƙasa, lokacin tana hannun Jelani Aliyu, Basakkwacen da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya yi suna da ƙananan bas masu lantarki, gwamnatin Borno ma ta zuba tasi masu caji a titi a ƙarshen 2023. A 2024 gwamnatin tarayya ta cire wa motocin lantarki harajin VAT. Can Habasha kuwa a shekarar ne aka hana shigo da motocin fetur na hawa. Inda duniya ta dosa a bayyane yake. Amma ƙanena ba duniya zai ciyar ba, mata ɗaya ce da yara biyu, kuma a wannan watan.

Ƙaramar motar lantarki, da esi da asarar da ake yi wajen caji, na cin kusan yunit 18 a kilomita 100. Aikin yini ɗaya yunit 27 ke nan. Tambayar ita ce daga ina yunit 27 ɗin nan za su fito kowane dare, kuma amsar ce ke mayar da motar ko dai mafi araha ko mafi tsada.

In daga wutar gari ne: Katsina na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO tare da Kano da Jigawa, kuma an kasa layuka rukuni-rukuni. Band A, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, shi aka ɗaga wa farashi zuwa naira 225 a Afrilu 2024, daga baya ya dawo wajen 210. A wannan farashi kilomita ba ta wuce naira 38 ba, wata kusan 147,000. Sauran rukunan na biyan ƙasa da rabin haka, sai dai awanninsu 16 ne, 12, 8, har 4. Soket ɗin ɗaki na ba da kusan yunit biyu da ɗan ɗori a awa, sai an yi awa 12 ana caji kafin a mayar da abin da aka ci da rana. Na'urar caji ta bango mai kilowat 7 na gamawa cikin awa huɗu, amma tana son waya mai kauri tun daga mita, da wuta mai ƙarfi. A unguwar da kwan fitila ke ja kamar garwashi da zarar kowa ya kunna fanka, motar na iya ƙin karɓar cajin ma sam.

In daga janareta ne: ƙaramin janareta na fitar da kusan yunit biyu daga lita ɗaya. Yunit 18 lita 9 ke nan a kilomita 100, kusan abin da Corolla ke sha. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri, ga ƙara ta hana maƙwabta barci.

In daga sola ne: rana kam Allah ya hore mana. Faranti ɗaya mai wat 550 na iya ba da yunit biyu da 'yan kai a yini, don haka mota kaɗai na son faranti 12. Sai dai lokacin da rana ke bayarwa shi ne lokacin da mota ke titi. Ko dai ka sayi batiran ajiya masu ɗaukar kusan yunit 30, wanda wani jarin ne mai zaman kansa, ko ka mayar da tsakar rana lokacin hutu. Na biyun bai kai yadda ake zato muni ba. Daga sha biyu zuwa la'asar a watan Afrilu wa ke fita in ba dole ba? Direban da ya saba komawa gida ya yi azahar, ya ci abinci, ya ɗan kishingiɗa, zai iya mayar da kusan rabin cajinsa a wannan tsakani.

Kada kuma a manta da ƙarshen Oktoba 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta arewa suka lalace, jihohinmu suka haura mako cikin duhu. Mai Corolla ya yi aiki a makon nan. Mai lantarkin da ba shi da sola sai kallo.

Sai nisan zango. Batir mai yunit 45, irin na ƙananan sababbin motocin Sin, zai ba ka kusan kilomita 250 na gaskiya. Lambar da ke jikin takardar talla ta fi haka, a gwajin da ba zafi ba gudu aka samo ta, kada ka yi lissafi da ita. Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne, ka je Sallar Gani ka dawo da sauran caji. Kano kuwa kusan 170 ce, zuwa kawai za ka yi, dawowa sai ka sami inda za ka jona, kuma sai bakin cajin ya dace da naka. Motocin da aka yi don kasuwar Sin bakinsu GB/T ne, na Turai CCS2, tsohuwar Nissan Leaf kuma CHAdeMO. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun kafin ka karɓi shatar Kano ka san wurin, ka san bakin. Hanyoyin yamma irin na Batsari da Safana kuwa, inda ko mai fetur ba ya son tsayawa, ba wurin gwada sauran caji ba ne.

Wajen gyara tana da daɗi da ɗaci. Babu juye, babu filogi, babu salansa, birki na daɗewa saboda injin lantarkin ne ke rage gudu yana mayar da wuta batir. Taya kuwa tana saurin ci don motar na da nauyi. Amma ranar da babbar matsala ta taso, mai wayarin na unguwa ba zai iya ba, bai ma kamata ya taɓa ba, wayoyin nan masu ruwan lemo na ɗauke da wutar da ta kai bolt 400. Wani ƙaramin abu zai iya zaunar da kai makonni kana jiran saƙo daga Legas ko Sin. Batirin a ƙarƙashin mota yake shimfiɗe, don haka kwalbatin da ta karye da tudun da ake ginawa a lungu don rage gudu duk abokan gaba ne. Ga ta shiru kamar kyanwa, yara da awaki ba sa jin tahowarta, hannunka ba zai bar ham ba.

Sabuwa da tsohuwa ba ɗaya ba ne. Sabuwa, musamman mai batirin LFP da ya fi jure zafi, kan zo da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga cika. A lissafinmu direba na cin kilomita 46,800 a shekara, garantin zai ƙare kafin shekara uku da rabi, wasu kamfanonin ma na rage shi in motar ta haya ce. Tsohuwar Leaf ta farko kuwa batirinta yunit 24 ne tun tana sabuwa, kuma ba shi da tsarin sanyaya shi da ruwa, zafi na cin sa da sauri. Wadda ta sha shekara goma da ƙyar za ta kai ka Daura. Araharta ce tarkonta.

Kuɗin saye shi ne katangar ƙarshe. Ragin da take yi a kan fetur kusan 243,000 ne a wata, wajen miliyan 2.9 a shekara. A ce ta fi Corolla da miliyan 15, sai an haura shekara biyar kafin a mayar da bambancin, in wuta ba ta yi gardama ba. In kuma aikinka bai wuce kilomita 75 a rana ba, shekarun sun zama goma.

| Ma'auni | Fetur | Gas CNG | Ruwa-biyu | Lantarki |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | mafi sauƙi | na fetur da kuɗin juyawa | matsakaici | mafi tsada |
| Kilomita ɗaya | ₦100 | ₦40 | ₦60 | ₦38 a wutar gari, ₦90 a janareta |
| Wata ɗaya | ₦390,000 | ₦156,000 | ₦234,000 | kusan ₦147,000 |
| Wajen sha | ko'ina | wurare ƙalilan | ko'ina | gidanka |
| Shatar Kano | ba matsala | a ƙarasa da fetur | ba matsala | sai an yi caji a can |
| Mai gyara | kowane gareji | inji kowa, gas sai gwani | sai an zaɓa | da wuya |
| Sayarwa | nan take | da sauƙi | a hankali | sai an jira |

Teburin bai nuna kuɗin wa za a kashe ba, kuma wannan na iya rushe shi gaba ɗaya. A ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwa kuma sama da haka yake. Ko an bi ta bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, irin Jaiz, ribar da za a ɗora a kan motar na tafiya da yanayin kasuwa. Bashin miliyan 15 a irin wannan yanayi zai haɗiye duk ragin da lantarki ta yi, har ya nemi ƙari.

Wa ya dace da wace

In motar nan ita ce duk abin da ka mallaka, kuma shatar Kano da Funtua na cikin abincinka, ka tsaya a fetur ko ruwa-biyu. In kuɗin sun isa har da ajiyar canjin batir, ka kuma sami bakaniken da ya san ta, ruwa-biyu na fi so maka. In da ƙyar aka haɗa kuɗin, Corolla mai lafiya ta fi ruwa-biyu mai ciwo.

In kana da mota a hannu, ka kuma je ka ga gas na samuwa kusa da hanyarka ba yankewa, juyawa zuwa CNG ce mafi saurin mayar da kuɗi. Banda mai aikin filin jirgi da akwatuna.

In kai ma'aikaci ne mai fita haya daga la'asar zuwa dare da ranakun hutu, kilomitarka ba su kai su biya tsadar lantarki ba. Ka sayi mai sauƙi.

Lantarki ta Alhajin da zai zuba mota uku ko biyar ce, da kuɗinsa ba na bashi ba, yana da fili a layin Band A, zai kafa sola da na'urar caji, motocin kuma aikinsu sananne ne: kai yara makaranta, ɗaukar baƙin otal, jigilar ma'aikata, ko zirga-zirgar Katsina da Daura inda zai sa wurin caji a kowane ɓangare. A nan kuɗin sola na rabuwa a kan motoci da yawa, in ɗaya ta kwanta jiran kayan gyara sauran na kawo balas. Ta kuma dace da wanda tuni yake da babbar sola a gida ko wurin sana'a, wutar rana na zubewa a banza. Wanda ke son ɗanɗana lantarki da ƙaramin jari kuwa, ya fara duba Keke Napep mai batir, tunda ita ce ke da fasinjan cikin gari kuma cajinta bai kai na mota ba.

Ƙanena gidan haya yake zaune, mita ɗaya su huɗu, kuma kwastomominsa biyu na farko duk 'yan zuwa Kano ne. Ya sayi ruwa-biyu bayan an jona ta a kwamfuta sau biyu a wurare daban-daban. Na ba shi ƙaramin littafi na ce kullum ya rubuta kilomitar da ya yi, da litar da ya sha, da awannin da aka kawo wuta a unguwarsu. Ya ce, "To Yaya, na wutar kuma na mene ne, tunda ba caji zan yi ba?" Na ce ya dai rubuta, mota ta biyu za mu yi wa lissafi da shi.